Yadda ake jera ƙungiyoyin besbol na Amurka bisa ƙarfi kafin a fara kaka

Tambaya: Malam, na daɗe ina bin ƙwallon ƙafa, bara ne na fara kallon besbol na Amurka. Da watan Maris ya kama sai in ga an jera ƙungiyoyi 30 daga ta ɗaya har ta ƙarshe, kuma sau da yawa wadda ta yi fice bara ba ita ce a sama ba. Da me ake auna ƙarfin ƙungiyar da ba ta buga ko wasa ɗaya ba tukuna? Ni ma zan iya yin nawa jerin?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa. Alƙaluman da ake buƙata suna nan kyauta a shafukan FanGraphs da Baseball-Reference, sauran aikin kuma lissafi ne da ɗan sakandare zai iya. Sai dai kafin ka ɗauki biro, ka ajiye ma'aunin ƙwallon ƙafa a gefe, domin shi ne zai fara ɓatar da kai.

A gasar Firimiya ta Ingila zakara kan ci kusan kashi uku cikin huɗu na wasanninsa 38. A gasar MLB kuwa, wato babbar gasar besbol ta Amurka, kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, babu canjaras, kuma wadda ta ci 100 sai a ce ta yi abin a zo a gani, alhali kashi 62 cikin 100 ke nan kawai. Seattle Mariners ta 2001 da ta ci 116 ta sha kashi sau 46. Chicago White Sox ta 2024, wadda aka lallasa sau 121, ita ma ta samu nasara 41. Yawancin ƙungiyoyin suna cunkushe ne tsakanin nasara 70 da 95, don haka tazarar da ke tsakanin ta biyar da ta goma sha biyu a jerinka ba za ta wuce wasa huɗu ko biyar ba.

Ga kuma sa'a a kai. Ko da ka san ainihin ƙarfin ƙungiya ba kuskure, lissafi ya nuna cewa a wasa 162 sa'a kaɗai tana ɗaga ta ko ta sauke ta da kimanin nasara 6. Wato ƙungiyar da ƙarfinta na gaskiya nasara 88 ne, a kaka biyu cikin uku za ta ƙare tsakanin 82 da 94, a ta ukun kuma ta fita waje da wannan iyaka, ba tare da kowa ya ji rauni ko an sayar da kowa ba. Ka riƙe wannan shidan, za mu dawo kanta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko teburin bara a ɗan gyaggyara shi. Yawan nasarar bara ba shi ne mafi ingancin shaida ba, ko a kan ƙarfin ƙungiyar ta bara ɗin. Abin da ya fi shi shi ne makin da ta ci da makin da aka ci ta a cikin wasanni a tsawon kaka (a besbol maki ɗaya ke nan duk lokacin da ɗan wasa ya zagaye tashoshin fili ya dawo gida). Bill James, masanin alƙaluman besbol, ne ya fito da dabarar: ka ninka makin da ta ci da kansa, ka ninka wanda aka ci ta da kansa, ka haɗa su biyun, sannan ka raba na farkon da jimillar. Abin da ya fito ka ninka shi da 162, ka samu nasarorin da suka dace da ita.

Gwada da Texas Rangers ta 2016. Ta ci wasa 95, ta fi kowa a American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gasar. Amma maki 765 ta ci, aka ci ta 757, rarar takwas kacal. Lissafin James ya ba ta nasara 82. Daga ina sauran 13 suka fito? Daga wasannin da aka tashi da bambancin maki ɗaya, inda ta ci 36 ta faɗi 11. A 2017 sai ta ƙare da nasara 78. Baltimore Orioles ta 2012 ta ci 29 ta faɗi 9 a irin waɗannan wasanni, aka yi ta yabon zuciyarta, shekarar da ta biyo baya kuma ta ci 20 ta faɗi 31 da kusan mutanen nan dai. Miami Marlins ta 2023 ta shiga wasannin Oktoba, wato na sili ɗaya ƙwale da ake yi bayan kaka don neman kofi, da nasara 84 duk da an ci ta maki 57 fiye da wanda ta ci, a 2024 ta sha kashi sau 100. Abin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. San Diego Padres ta 2023 ta ci maki 752, aka ci ta 648, wanda ya dace da nasara 92 ko 93, amma 82 ta samu, saboda ta ci 9 ta faɗi 23 a wasannin maki ɗaya. An yi mata ca, ta kuma sayar da tauraronta Juan Soto ga New York Yankees, duk da haka a 2024 ta ci 93. Cin wasan maki ɗaya ba gwaninta ba ce da ke bin ƙungiya daga kaka zuwa kaka. Majefan ƙarshen wasa masu kyau, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo, suna taimakawa kaɗan, sauran sa'a ce.

Ba kullum ne ƙungiyar da sa'a ta ɗauka take faɗowa ba. Mariners ta 2021 ta ci 90 da giɓin maki 51, a 2022 ta sake cin 90. Amma ba sa'ar ce ta maimaitu ita kaɗai ba, ƙungiyar ce ta canja: Julio Rodríguez ya shigo, an ƙaro majefa, giɓin ya koma rara. Wannan ma darasi ne, cewa 'yan wasan da ke hannu yau ake aunawa.

Abin da ya faru a Oktoba kuwa, shi ne mafi raunin shaida duka, ko da yake shi ya fi zama a zukatan 'yan kallo. Karawar da ake yi a wasa uku, biyar ko bakwai ba ta isa ta bambanta mai ƙarfi da mai sa'a ba. Los Angeles Dodgers ta ci 111 a 2022, Padres mai 89 ta fitar da ita a wasa huɗu. Arizona Diamondbacks ta 2023 ta kai World Series, karawar ƙarshe ta neman kofi, da nasara 84, kuma an ci ta maki fiye da wanda ta ci. St. Louis Cardinals ta ɗauki kofi a 2006 da nasara 83. Kada kofi ya sa ka ƙara wa ƙungiya ko rabin nasara a takardarka.

To, daga ina za a fara? Daga 'yan wasa, ɗaya bayan ɗaya, sannan a tara.

Ma'aunin da ake tarawa da shi ana kiransa WAR. Yana faɗin nasarori nawa ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa a kan abin da ɗan cike gurbi zai yi, wato irin wanda za a ɗauko daga ƙaramar gasa a kan mafi ƙarancin albashi. Kimanin maki 10 ne ke zama nasara ɗaya. A 2013 FanGraphs da Baseball-Reference suka daidaita a kan cewa ƙungiyar da duk 'yan cike gurbi ne za ta ci kimanin wasa 48, kuma WAR 1,000 ake rabawa ga gasar baki ɗaya a kowace kaka. A rabon FanGraphs masu bugu da tsaron fili suna da 570, majefa 430. Raba wa ƙungiyoyi 30, ka ga matsakaiciyar ƙungiya tana da 19 daga mabuga da 14 daga majefa, 48 da 33 kuma 81 ke nan, rabin 162 daidai. Idan ka tara wa wata ƙungiya 27 daga mabuga da 18 daga majefa, ƙungiyar nasara 93 ce. Ɗan wasan yau da kullum mai matsakaicin ƙarfi yana kawo 2, gwani 4 zuwa 5, wanda ake ba kyautar gwarzon kaka kuma 8 ko sama.

A nan ma'abocin ƙwallon ƙafa ke mamaki. Tauraro ba ya ɗaukar ƙungiyar besbol a kafaɗa, domin sau ɗaya yake bugu a duk zagayowar mutum tara, ba kuma za a ce a miƙa masa sanda a lokacin da aka fi buƙatarsa ba. Los Angeles Angels ta haɗa Mike Trout da Shohei Ohtani daga 2018 zuwa 2023, kuma ba ta taɓa gama kaka ɗaya da nasara fiye da faɗuwa ba. A 2023 da Ohtani ya zama gwarzon American League, wasa 73 ta ci. Gurbi uku da ɗan cike gurbi ke tsaye a kansu sun cinye ribar tauraro guda.

Sai kuma hasashen abin da kowane ɗan wasa zai yi bana. Kada ka kwafi alƙaluman bara. Hanya mafi sauƙi ita ce ta Marcel, wadda Tom Tango ya tsara da gangan don ta zama mafi ƙarancin abin da hasashe zai iya zama. Ana ɗaukar shekaru uku na baya, a ninka ta bara da 5, ta gabaninta da 4, ta can baya da 3, a ƙara tsayuwar bugu (kowane zuwan ɗan wasa ya fuskanci majefi) 1,200 ta matsakaicin ɗan wasa, sannan a ɗan gyara saboda shekaru. A ce wani ya buga hom-ran (bugun da ke fitar da ƙwallo waje da fili) 40 bara, 22 bara waccan, 20 kafin nan, kowace shekara a tsayuwa 600. Ka samu 200 da 88 da 60, jimilla 348 a tsayuwa 7,200. Matsakaicin gasar kusan hom-ran 3 ne a tsayuwa 100, don haka ka ƙara 36 a 1,200. Ya zama 384 a 8,400, wato 27 a tsayuwa 600. Mai kallon bara kaɗai zai rubuta 40, kai ka rubuta 27, kuma a yawancin lokuta kai ne za ka fi kusa. Game da shekaru, mabugi yakan kai ƙololuwarsa tsakanin 26 da 29, bayan 30 ya fara gangarowa, gudu da tsaron fili su ne ke fara tafiya kafin ƙarfin bugu.

Idan ba ka son yin wannan da hannu ga mutum ɗari bakwai da wani abu, akwai waɗanda suka riga suka yi: PECOTA ta Baseball Prospectus, wadda Nate Silver ya ƙirƙiro aka fara fitar da ita a 2003, da ZiPS ta Dan Szymborski, da Steamer. Sun fi Marcel zurfi, suna duba ƙarfin fitar ƙwallo daga sanda da saurin jifa daga na'urorin Statcast da aka kafa a filaye tun 2015, suna kuma iya hasashen matashin da bai taɓa buga babbar gasa ba. Amma fifikonsu a kan Marcel bai kai yadda mutane ke zato ba. Haɗa biyu ko uku ka ɗauki matsakaicinsu ya fi dogara da guda.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Inda jerin mutane ya fi lalacewa shi ne rabon lokacin wasa, domin shi na'ura ba ta yi maka, hukuncinka ne.

Ƙungiya tana da tsayuwar bugu kimanin 6,100 da za ta cike a kaka. Idan ka ba mutum tara na farko 650 kowanne ka ce ka gama, ka yaudari kanka. Marcel kansa ba ya ba wanda ya tsaya 600 shekara biyu a jere fiye da 560, saboda rauni yana zuwa ko ba a gayyace shi ba. Macafi, mai tsugunawa bayan mabugi, da wuya ya wuce wasa 130, don haka mataimakinsa zai buga 30 ko fiye, kuma dole ka sa shi a lissafi. A zahiri kusan kashi ɗaya cikin biyar ko ma cikin huɗu na tsayuwar nan yana tafiya ne ga 'yan benci da waɗanda ake ɗaukowa daga ƙananan gasanni. Ka duba sunaye 40 da ke rajistar ƙungiya, ba 26 da za su fara kaka kaɗai ba.

A ɓangaren jifa abin ya fi tsanani, kuma a nan nake son ka fi daɗewa. Kowane wasa zagaye tara ne, don haka akwai zagaye kimanin 1,440 da ƙungiya za ta jefa a kaka. Ƙungiya tana da majefa biyar masu buɗe wasa da ke karɓa-karɓa, wanda bai yi fashi ba yana buɗe wasa 32 ko 33. A zamanin nan mai buɗe wasa yakan yi zagaye biyar da ɗan ɗoriya ne a sauke shi, don haka duk masu buɗewa a haɗe suna ɗaukar 850 ko kusa da haka, sauran 600 ɗin na majefan canji ne. A 2024 mutum huɗu kacal suka kai zagaye 200 a gasar duka: Logan Gilbert, Seth Lugo, Logan Webb da Zack Wheeler. Saboda haka duk wanda ya rubuta wa majefa biyar zagaye 180 kowanne, mafarki ya rubuta. Ka ba lafiyayyen gwani 175 zuwa 185, na tsakiya 150, mai tarihin rauni 110 zuwa 120, matashin da ake lallaɓa hannunsa 120 zuwa 130. Ka tara. Giɓin da ya rage, wanda kan kai zagaye 150 zuwa 250, shi ne rabon na shida da na bakwai da na takwas. Tambayar da ke raba ƙungiyoyi biyu masu kama da juna ita ce su wane ne waɗannan mutum ukun. Idan 'yan cike gurbi ne, sifiri za ka rubuta musu. Idan majefa ne na ƙwarai da ke jira a ƙaramar gasa, nasara biyu ko uku ke nan da babu su a kanun labarai.

Dalilin wannan tsantseni shi ne gwiwar hannu. Jijiyar da ke riƙe ta tana tsinkewa, aikin da ake yi mata, wanda Dakta Frank Jobe ya fara yi wa majefi Tommy John a 1974, yana cin wata 12 zuwa 18. Atlanta Braves ta ci 104 a 2023, kowa ya sa ta a sahun gaba a 2024. Spencer Strider ya buɗe wasa biyu gwiwar hannunsa ta tafi a Afrilu, Ronald Acuña ya tsinke jijiyar gwiwar ƙafa a Mayu, ta ƙare da 89. Gerrit Cole na Yankees ya tafi aikin tiyata a Maris na 2025 kafin a jefa ƙwallon farko. Dodgers ta 2024 ta ci 98 ta ɗauki kofi alhali babu majefinta ko ɗaya da ya kai zagaye 150, a Oktoba ma masu buɗe wasa uku suka rage mata. Zurfin rajistarta ne ya riƙe ta, ba sunayen da aka lissafa a Maris ba. Ba wanda ya san wa zai ji rauni, amma ana iya sanin wace ƙungiya ce za ta jure idan ya zo.

Wajen auna majefi kuma, kada ka dogara da ERA ta bara, wato matsakaicin makin da ake ci a hannunsa a zagaye tara. Voros McCracken ya nuna tun wajen 2001 cewa da zarar an buga ƙwallo ta faɗa cikin fili, majefi ba shi da iko sosai a kan ko za a cafe ta. Kusan uku cikin goma suna zama bugu mai kyau a hannun kowa. Abin da yake nasa shi ne yawan mabugan da ya kora da jifa ba tare da sun buga ƙwallon cikin fili ba, yawan waɗanda ya ba tashar farko kyauta saboda jifa a karkace, da hom-ran da aka yi masa. Ma'aunin FIP waɗannan yake tarawa. Majefin da ERA ɗinsa 2.80 ce amma FIP ɗinsa 4.00, ka ɗauke shi a matsayin na kusa da 4.00.

Majefan canji su ne mafi wuyar hasashe, domin kowannensu zagaye 60 zuwa 70 yake jefawa a shekara, kuma hom-ran uku na rashin sa'a sun isa su ɓata alƙaluman. Ka ja su zuwa matsakaici da ƙarfi fiye da kowa. Mai rufe wasa mafi shahara ma WAR 2 zuwa 3 yake kawowa. Ƙungiyar da ƙarfinta na bara ya rataya a kan majefan canji, ni nakan rage mata.

Akwai gyare-gyare guda biyu da ba sa cin lokaci. Na farko fili. Coors Field da ke Denver yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya nesa, jifa mai lanƙwasa kuma ba ya lanƙwasawa sosai. Mabugin Colorado Rockies yana kumbura a takarda, majefinta yana ƙanƙancewa. Filin Seattle akasin haka yake yi. Ka yi amfani da ma'aunan da aka riga aka cire tasirin fili a cikinsu, irin wRC+ ga mabuga, inda 100 ne matsakaici, 130 kuma ke nufin ya fi matsakaici da kashi 30. Na biyu jadawali. Tun 2023 kowace ƙungiya tana haɗuwa da sauran 29 duka, wasannin cikin rukuni (ƙungiyoyi biyar-biyar ne a kowane rukuni) sun sauko daga 76 zuwa 52, wato 13 da kowace maƙwabciya. Tasirin ya ragu amma bai mutu ba. Kansas City Royals ta tashi daga nasara 56 a 2023 zuwa 86 a 2024, ci gaba na gaske, sai dai ta ci White Sox sau 12 cikin 13. Cire waɗannan ka ga ta ci 74 ta faɗi 75 da sauran jama'a.

Wasannin share fage na Fabrairu da Maris, da ƙungiyoyi 15 ke yi a Fulorida, 15 a Arizona, ka yi watsi da sakamakonsu gaba ɗaya. Manyan 'yan wasa kan fita bayan 'yan zagaye, majefa suna gwada sabon jifa ne ba neman nasara ba. Diamondbacks ta ci 24 ta faɗi 8 a share fagen 2016, ta gama kaka da faɗuwa 93. Abu uku ne ke da amfani a can: wa ya ji rauni, wa ya samu gurbi, da majefin da saurin jifansa ya ragu ko ya ƙaru da mil biyu a sa'a idan aka kwatanta da bara.

Kuɗin albashi yana da alaƙa da nasara, amma idan ka riga ka auna 'yan wasan, kada ka sake ƙirga kuɗin, ka ƙirga abu ɗaya sau biyu ke nan. New York Mets ta shiga 2023 da albashin da ba a taɓa ganin irinsa ba a lokacin, bayan nasara 101 a 2022. Manyan majefanta biyu, Max Scherzer da Justin Verlander, ɗaya yana 38 ɗaya yana 40, mai rufe wasanta Edwin Díaz kuma ya ji rauni a gwiwa a gasar ƙasashe ta Maris bai buga kakar ba. Ta ci 75, ta sayar da dattawan biyu a tsakiyar kaka. Inda kuɗi ke da amfani a jerinka shi ne wajen raba gardama: idan ƙungiyoyi biyu sun yi kunnen doki, ka fifita wadda ke da kuɗi da matasan da za ta yi musaya da su kafin a rufe kasuwa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta.

Bayan ka tara wa kowace ƙungiya, ka duba jimillar nasarorin duka. Dole ta zama 2,430, domin wasannin gasar ke nan kuma kowanne ƙungiya ɗaya ke cinsa. Kusan kullum za ka ga naka ya haura, saboda zuciya tana kyautata wa kowa zato. Ka rage wa kowa daidai har ya zauna. Idan kuma ka ga ka ba wata 105 ko wata 50, ka sake dubawa. Hasashe mai hankali yakan tsaya tsakanin 60 da 98 ko kusa, ba don ba za a samu mai 105 ba, sai don ba a san wace ce ba, tunda sai ƙarfi da lafiya da sa'a sun haɗu mata.

Yanzu ka tuna shidan nan ta sa'a, ka ƙara mata kuskuren hasashe da rauni, za ka ga kowace lamba a takardarka tana iya kaucewa da nasara takwas ko tara ba tare da ka yi wani laifi ba. Saboda haka jeri daga 1 zuwa 30 ya fi nuna tabbaci fiye da wanda ke akwai. Ka kasa su aji-aji: masu 92 zuwa sama, masu 85 zuwa 91, 'yan tsakiya masu 77 zuwa 84, sai na ƙasa. Gardama a kan wace ce ta bakwai wace ce ta tara ɓata yawu ne. Ka kuma raba tambayoyi biyu da ake cakuɗawa. Ƙarfi daban, damar shiga Oktoba daban: ƙungiyar nasara 86 a rukuni mai rauni ta fi ta 89 da ke rukunin manya damar ɗaukar rukuninta. Damar kofi kuma wata aba ce can. Tun 2022 ƙungiyoyi 12 ke shiga. Ko wadda aka ɗaga wa zagayen farko sai ta ci karawa uku, kuma idan damarta a kowace karawa kashi 60 ce, wanda babban fifiko ne a besbol, damar cin ukun a jere ba ta kai kashi 22 ba.

Wannan hanya tana kuskure, kuma an san inda ta fi yi. PECOTA ta ba Royals nasara 72 a 2015, ta ci 95 ta ɗauki kofi. San Francisco Giants ta 2021, da aka yi wa hasashen ƙasa da rabi, ta ci 107 da tsofaffin da duk suka farfaɗo a shekara guda, a 2022 kuma ta dawo 81 daidai, wanda ya nuna hasashen bai yi nisa da gaskiya ba kamar yadda aka yi ta dariya. Toronto Blue Jays ta tashi daga 74 da ƙasan rukuni a 2024 zuwa 94 a 2025, ta kai Dodgers wasa na bakwai a World Series. Wadda ta fi ba masu lissafi ciwon kai ita ce Milwaukee Brewers. Ta sayar da Corbin Burnes, kocinta Craig Counsell ya koma Chicago Cubs, ta ci 93 a 2024. Willy Adames da Devin Williams suka tafi, ta ci 97 a 2025, fiye da kowa. Tsaron fili, gudu tsakanin tashoshi, da iya gyara majefin da wasu suka yar, su ne abubuwan da na'urori ba su cika kamawa ba. Ƙungiyar da ta shekara uku ko huɗu tana wuce hasashe ta irin wannan hanya, ka ƙara mata nasara biyu da hannunka. Biyu fa, ba takwas ba.

Da kaka ta fara, jarabar da ke biyo baya ita ce yaga takardar bayan mako uku. Pittsburgh Pirates ta gama Afrilun 2023 da nasara 20 da faɗuwa 9, ta ƙare kaka da 76. Washington Nationals ta 2019 ta ci 19 ta faɗi 31 a wasa 50 na farko, ta ƙare da 93 da kofi. Ƙa'idar da Tango ya fitar ita ce sai ƙungiya ta buga wasa kusan 70 kafin sakamakonta ya zama rabi ƙarfi rabi sa'a. A aikace, ka ƙara wa sakamakon da ake ciki wasa 70 na ƙarfin da ka yi mata hasashe a Maris. Idan ka ɗauki Pirates ɗin a matsayin mai cin kashi 45 cikin 100, ka ƙara nasara 31 da rabi a kan 20, ka raba da 99, ka samu kashi 52. Ta ɗan hau, amma ba ta zama ta kashi 69 da teburi ke nunawa ba. Abin da ya cancanci ka gyara jerin nan take a Afrilu shi ne labarin asibiti: idan majefin da ka rubuta wa zagaye 180 da WAR 5 ya tafi tiyata, ka goge shi, ka raba zagayensa ga na shida da na bakwai, ka sake tarawa.